Gobarau: sai a zuwa na uku na samu hoton

'Yan uwa masu koyon hoto da waya, na samu! Jiya da misalin ƙarfe 5:20 na yamma na ɗauki hoton hasumiyar Gobarau ta Katsina da na shafe kusan wata guda ina nema. Tun daren jiya na buɗe shi ya fi a ƙirga, kuma duk buɗewa sai na ji daɗi ya sake rufe ni.

Ni ɗan Daura ne, tsakaninmu da Katsina bai wuce kilomita 80 ba. Na sha shiga birnin, ko biki, ko kasuwa, ko rakiyar mara lafiya, amma ban taɓa tsayawa a gindin Gobarau ba. Tun muna firamare muke jin ta: ginin ƙasa mai tsayin wajen mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, an yi kiran salla a kanta, an kuma hango mahara daga samanta. Duk wannan bai taɓa sa na shiga mota ba. Hoto ɗaya tak a Instagram ne ya tashe ni. Hasumiyar tana tsaye ja wur, bayanta sarari shuɗi, ga gajimare fari tas kamar an shanya auduga. Washegari Asabar na nufi tasha.

Zuwan farko ba sai na daɗe a kansa ba, kuskuren da kowa ya sani ne. Na isa da tsakar rana, na tsaya dab da gini, na sa kyamarar a 0.5, wato mai faɗin gani, don in kwashe shi duka, na ɗaga waya sama. Hasumiya ta fito kamar za ta kife da baya, gindi ƙato, kai ɗan tsito. Na gwada miƙe ta a Snapseed, manhajar gyaran hoto, ta miƙe, amma gefe da gefe ya yanke, saman kuma ya yi dishi-dishi saboda an ja shi. Wannan na gane maganinsa tun a mota: a ja da baya, a sa 2x mai jawo abu kusa ninki biyu, a riƙe waya a tsaye daidai ƙirji, a daidaita gefen gini da layukan allo.

Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Sararin sama ne ya hana ni barci.

Duk hoton da na ɗauka, sama fari fat take fitowa, kamar takardar da ba a yi rubutu a kanta ba. In na danna kan ginin na kulle haske, sama ta ƙone. In na danna sama, ginin ya koma baƙin dunƙule, saman ma ba shuɗi take yi ba, sai wani toka-toka mara daɗin gani. Na kunna HDR, tsarin da ke daidaita haske da duhu a hoto, ya zagaye gefen hasumiyar da wani farin layi kamar an yanko ta da almakashi an manna. Na ce to, lokacin ne bai yi ba. Mako biyu bayan nan na koma, na kwana gidan Goggo a wajen Ƙofar Marusa, na sayi 'yar ƙafar ɗora waya naira 9,000 (har yanzu kuɗin nan suna min ciwo, don ko sau ɗaya ba ta yi amfani ba), na fita tun kafin rana ta fito, wajen ƙarfe 7 saura. Ranar hazo ya sauka sosai. Rana ta fito kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido, inuwa kuwa babu ko ɗaya. Ginin ƙasa in babu inuwa ya mutu, sai ka ga kamar an shafa launi ɗaya a allo.

Da na dawo gida na zauna da Lightroom, wata manhajar gyaran hoton, har ƙarfe 1 na dare. Na ja maɓallin rage hazo, ginin ya koma ruwan lemo kamar an zuba masa manja, sama ta cika da ɗige-ɗige. Na ware saman ita kaɗai na ƙara mata shuɗi, ta fito shuɗin ƙarya wanda ko yaro zai gane. Akwai manhajojin da ke cire sama su sa wata, na sauke ɗaya, na gwada, hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma na goge shi nan take. Ba abin da na gani ba ne. Wanda ya ga dama ya yi, ni dai ba zan sa sunana a ƙarƙashin gajimaren da ban tsaya a ƙarƙashinsa ba.

Abin da ya warware min matsalar ba daga wajen mai hoto ya zo ba. A zuwa na uku, wani dattijo da ke zaune kan tabarma kusa da wurin ya ga ina ta kai da komo, ya ce, “Yaro, me ya ɓace maka ne?” Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hoton da ya kawo ni, na ce, “Baba, daga ina aka tsaya aka ɗauki wannan?” Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya ce, “Wannan ai damina ce. Ba ka ga ciyawa a gindin bango ba?”

Na duba. Ga ta nan kore shar a kusurwar ƙasa, wata guda ina kallon hoton ban gan ta ba. Ni kuma na zo a Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙurar Sahara ta rataye ta a sama. Ƙurar nan ita ke watsa haske ta mai da sama fari. Shuɗin da nake nema babu shi a wurin, balle waya ta kama shi.

Nan na daina faɗa da sama. Na jira har bayan la'asar, rana ta yi ƙasa, haske ya fara dukan ginin ta gefe. Na ja da baya iyakar inda hanya ta ba ni dama, na sa 2x, na cika allon da hasumiyar, na bar wa sama ɗan wuri kaɗan. Na kulle haske a ɓangaren da rana ke haskawa, na ja shi ƙasa kaɗan. Sai ga yaɓen ya fito, kowane tudu da kwari da 'yar inuwarsa, tsagewar da ke jikin bango kana iya bin ta da ido. Hazon da ya wahalar da ni shi ya tausasa hasken, saman ta koma ruwan zuma, kusan launi ɗaya da ginin. Gyaran da na yi masa bai kai na minti biyu ba. Akwai wayar lantarki da ta ratsa kusurwar hagu, na bar ta, don tana nan a wurin.

Da na sa shi a Facebook da daddare, wani abokina na Kano ya ce shi ma zai zo ƙarshen wata. Sai na koma na gyara rubutun da ke ƙasan hoton, na ƙara wata da lokaci: Janairu, ƙarfe 5:20 na yamma, cikin hazo. Da wanda ya ɗauki na farkon ya rubuta haka, da kuɗin mota na zuwa biyu suna aljihuna. Daga yanzu duk hoton wuri da zan sa, da watansa zai fita.

In Allah ya kai mu Agusta zan koma neman shuɗin. Kafin nan ina son in gwada rijiyar Kusugu a nan gida, wadda baƙi ke zuwa daga nesa su ɗauka, ni kuwa ban da hotonta ko ɗaya mai kyau. Rijiyar cikin ɗaki take, hasken ƙofa kuma yana ƙone min rabin hoton duk lokacin da na saita a kan bakin rijiyar. Wanda ya taɓa shawo kan irin wannan da waya kawai, ba da fitila ba, don Allah ya faɗa min a ina ya tsaya da kuma ƙarfe nawa.