Asabar a Aboabo, rumbu ya tashi

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na dare. Kowa ya kwanta, sai ni da ƙarar fankar rumbun nan, kwamfutar da na haɗa don ajiyar fayiloli, a ƙarƙashin tebur. Ya tashi, yana aiki, amma maganar Mma ta hana ni jin daɗin da na yi wata guda ina jira.

Da safe dai lafiya lau. Koko da ƙosai a bakin layi, sannan na hau torotoro, motar haya, zuwa Adum cikin garin Kumasi na sayo igiyar intanet mai mita biyar da ɗan batirin nan CR2032. Na cikin madabod ɗin, wato babban farantin da kayan injin ke manne a kai, ya mutu, duk aka ɗauke wuta sai injin ya manta saitinsa har da kwanan wata, kuma a garin dumso, inda ake yawan ɗauke wuta, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Zafin rana kuwa ba a magana.

Injin tsohuwar kwamfutar Yaya Sani ce, mai ƙwaƙwalwar Ryzen 5 3600. Ba ya fitar da hoto da kansa, 'yan uwansa masu G a ƙarshen lamba ne ke yi. Allo ma ba ni da shi. Don haka na aro katin hoto wurin Awal, na jona da talabijin ɗin falo, Mma ta haƙura da shirinta na rana. Debian 12, wani nau'in manhajar Linux, na saka a ƙaramin faifan SSD, na kunna SSH don in riƙa shiga daga laftof, na sa Samba don wayoyin gida su riƙa ganin fayiloli. A BIOS, wato saitin madabod, abu biyu na gyara: kada ya tsaya jiran a danna F1 in bai ga kibod ba, kuma ya tashi da kansa duk lokacin da wuta ta dawo. Faifai biyu masu tera biyu-biyu na haɗa su madubi, abin da aka rubuta a wannan a rubuta a wancan. Tera huɗu na biya, biyu zan mora, kuma ko yanzu aka ce in sake, haka zan yi.

Bayan La'asar yaron Awal ya zo karɓar kati. Na zare na ba shi, na rufe injin, na kai ɗaki, na kunna. Fanka na juyawa, madabod bai yi kuka ba, fitilar faifai ta yi ƙyaf-ƙyaf ta natsu kamar mai lafiya. Na buɗe jerin rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, babu shi. Na canza igiya, na canza rami, na kashe na kunna, shiru. Kusan awa biyu ina zagaya akwati kamar mai jinyar jariri, ka san akwai inda ke masa ciwo amma ba shi da bakin faɗa. Sai da na cire SSD ɗin na jona a laftof ta USB, na karanta bayanan da ya rubuta wa kansa lokacin tashi, sannan na gano. Linux yana raɗa wa ramin intanet suna ne bisa lambar mazauninsa a layin PCI. Da katin hoto a ciki, sunansa enp5s0. Da na zare katin sai lambobi suka matsa, ya koma enp4s0, alhali fayil ɗin saitin yana ta kiran tsohon suna. Lamba ɗaya na sauya. Na mayar, ba a yi minti ɗaya ba sai ga shi a rauta, na ɗaure masa adireshi guda don kada ya riƙa yawo. Duk mai niyyar yin irin wannan, ya gwada tayar da injin babu kati tun kafin mai kati ya aiko.

Magariba a masallacin layi. Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, Rabi ta ɗan zarce da barkono.

Bayan Isha'i na zuba abu na farko a ciki: hotunan Hajjin Baba da na kwafo daga na cikin akwatin ƙarfen Mma, da kaset uku na karatunsa da na juye bara. Tun da aka zare mini waya a kasuwar Kejetia, saƙonnin muryarsa na WhatsApp suka tafi da ita, na yi alkawari sauran abin da ya rage ba zai ƙara kwana a wuri ɗaya ba. Dalilin rumbun ke nan, ba wani abu ba.

Na kai wa Mma wayata tana zaune a kan dadduma. Ta daɗe tana kallon hoton da yake sanye da harami. Na danna mata kaset ɗin farko, ta saurara har ya kai ƙarshen aya, ta ce Allah ya jiƙansa, na ce amin.

Sai ta ce, "Babana, to ai a wayarka suke."

Na ce a'a Mma, wayar taga ce kawai, suna can ɗaki cikin akwatin.

"Wanda ka cire wa talabijin?"

Na ce shi.

"To ta ina ake ganin cikinsa?"

Na yi mata bayani iya iyawata, cewa ba ya bukatar fuska, duk wayar da ke gidan za ta iya leƙawa in an ba ta kalmar sirri, kuma ko faifai ɗaya ya mutu ɗayan na riƙe da komai. Ta gyaɗa kai, ta gane wannan sarai, har ta ce kamar mai raba kuɗinsa aljihu biyu. Sannan ta kwance bakin zanenta ta nuna mini ɗan makullin akwatinta.

"Wannan, ran da ba ni, ko makullin ya ɓata, Sani zai sa guduma ya fasa kwaɗon, ku ga komai. Naka fa? Ran da ba ka nan, wa zai buɗe?"

Na buɗe baki zan ce Awal. Ban faɗa ba. Awal zai iya, amma Awal ba ɗan gidan nan ba ne, kuma kullum maganarsa tafiya Jamus. Rabi ta iya waya fiye da ni, amma yau da idona na ga yadda lamba ɗaya ta ɓatar da injin awa biyu, ni da na haɗa shi da hannuna. In haka ta faru ba na nan, abin da za su gani shi ne baƙin akwati mai fanka, babu allo, babu rubutu, babu mai ce musu muryar Baba na ciki. Wata rana a ce ya tare wuri, a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗaure makullinta, ta ci gaba da jan carbi. Ni ne na kasa tashi daga wurin.

Na san abin da masana za su ce, madubi ba ajiya ta biyu ba ce, a sami wani faifai a kai wani gida. Gaskiya ne, zan kai ɗaya Asawase wurin Yaya Sani, kuma zan tsara shi yadda kowace kwamfuta za ta karanta ba sai da Linux ba. UPS ma, mai riƙe injin in an ɗauke wuta, sai ƙarshen wata. Amma ba wannan ta tambaya ba.

Ɗazu na yagi takarda daga littafin lissafin Rabi. Na rubuta adireshin rumbun, da kalmar sirri, da abin da ke cikinsa, da lambar Awal. Na fara rubuta yadda za a yi in ya ƙi fitowa a rauta, na kai layi shida na ga babu wanda zai iya bi, na soke. A sama na sa layi ɗaya da ajami, don Mma ba ta karanta boko: hotuna da muryar Malam suna cikin baƙin akwati, kada a sayar. Rubutun ajamina ya yi tsatsa, sau biyu ina gogewa.

Gobe bayan Asuba zan ba ta ta sa a akwatin ƙarfe, tare da hotunan na asali.

Faifan biyu har yanzu suna daidaita junansu, sun kai kashi 61. Allah ya sa kada a ɗauke wuta kafin su gama.