Inda aka kwana da gwajin masarata: fure ya ƙi bin lissafi

'Yan uwa masu koyon haɗa iri, ga inda na tsaya. Bara na aurar da farar masara mai jinkiri da wata ja mai saurin nuna a lambuna na bakin Gulbin Maradi. 'Ya'yansu na shuka da rani, na zuba wa kowace bununinta a kan gemunta, bana kuma jikokin ne a ƙasa.

Launi bai ba ni wahala ba. A totuwa ɗaya za ka ga ja da fari sun cakuɗe, in ka ƙirga kusan kashi uku ja ne, ɗaya fari. Ƙwayar gado guda, wato abin da ke kai hali daga iyaye zuwa 'ya'ya, ce ke riƙe da wannan. Ranar fure ce ta birkita mini kaye. Na zaci zan ga gida biyu, masu sauri da masu jinkiri, sai ga su sun bazu, yau wannan ta fitar da kai, gobe waccan, mafi yawa a tsakiya. Ashe haka abin yake ko a wurin manya. A 2009 Edward Buckler da abokan aikinsa a Amurka sun auna layukan masara, wato zuri'o'i, kimanin 5,000 da aka samo daga auren iri 25 da wani iri mai suna B73. Sun tarar lokacin fure yana hannun wurare masu yawa a cikin kuromosom guda goma na masara, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kowane yana ƙara ko rage ɗan abu kaɗan.

Siffar shukar kuwa wani labari ne daban. Kakar masara ciyawa ce mai suna teyosinte, an hore ta a kwarin kogin Balsas na Meziko shekaru kusan 9,000 da suka wuce. Tana da rassa barkatai, zangarniyarta ƙwaya 5 zuwa 12 ce kacal, kowace a kulle cikin ɓawo mai tauri. Masanin gado George Beadle ya haɗa ta da masara, ya shuka jikoki kusan 50,000, ya ga kamar ɗaya cikin 500 ke komawa kamannin masara ko na ciyawar sak. Daga nan ya lissafa cewa ƙwayoyin gado huɗu ko biyar ne manyan masu raba su. A 1991 John Doebley da Adrian Stec suka zana taswirar gadon, suka sami wurare biyar. A kuromosom na 1 akwai ƙwayar gado tb1, mai danne rassa har masara ta tsaya kara ɗaya. A na 4 akwai tga1, wanda ya buɗe ɓawon ya bar ƙwaya a fili.

Teyosinte ba ta nan ƙasarmu, amma ba mu rasa abin kallo ba. Ku leƙa gonar gero ku nemi shibra. 'Ya'ya da yawa a gindi, kai siriri, tsaba na zuba da kanta tun ba a girbe ba: tsakanin geron gida da na daji take, kuma a nan Sahel aka hore gero. Ni yanzu duk shibrar da na gani sai na ƙirga 'ya'yanta kafin a cire ta. Maƙwabcina na gona yana yi mini dariya, wai malam ya koma kiwon ciyawa.

Maiwa ma tana da darasi. Ko ka riga kowa shuka ta, ba ta fitar da kai sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina. Teyosinte haka take. A masara an gano ZmCCT, wata ƙwayar gado a kuromosom na 10, yana cikin masu sa shuka jin tsawon rana, kuma raunana shi ya taimaka mata ta bazu zuwa ƙasashen da ranar bazararsu ke da tsawo.

A aikace, ku rufe goyon da jakar takarda tun gemu bai fito ba, domin da ya leƙo iska ta riga ku. Leda ba ta yi, tana dafa shi. Bununi ku ɗebe shi da hantsi bayan raɓa ta bushe, ku zuba nan take, zafin Maradi ba ya barin sa da rai. Kowace shuka a ɗaura mata lamba, a rubuta rana biyu: ranar da bununi ya fara zuba da ranar da gemu ya fito. Tazarar nan ita na fi sa wa ido, don in ruwa ya ɗauke gemu ne ke makara, bununi ya ƙare, totuwa ta fito da giɓi.

Na ware waɗanda suka yi fure da wuri kuma tazararsu gajera ce. Su zan shuka da rani mai zuwa, layi-layi, kowace totuwa da layinta, in ga waɗanda saurin ya bi jininsu da waɗanda taki ne kawai ya tura su.