Wa ya tsinci audugar?

A aji, a Wad Madani da ke Sudan, abin bai wuce layi biyu a allo ba. Malaminmu ya rubuta abin da aka samu a sama, ya ja layi, ya rubuta abin da aka zuba a ƙasa, ya ce wannan ita ce intajiyya, kamar yadda ake kiranta da Larabci. Ka raba amfanin gona da yawan fadan, wato ma'aunin faɗin gona, ko da yawan ma'aikata, ko da awoyin da suka yi. In kuwa ƙasa ce baki ɗaya, sai ka ɗauki jimillar abin da ta samar a shekara, wato GDP, ka raba da masu aiki. Na kwafe, na ce a raina ashe fannin nan ba shi da wuya.

A shekarar ƙarshe ta karatu aka tura mu cikin gonakin Jazira, babban yankin noman ban ruwa, da takardun tambayoyi. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ruwan kogi ke bin magudanai zuwa gonakin nan, kuma da aka haɗa da ɓangaren Manakil faɗinsu ya kai wajen fadan miliyan 2. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Wuri ne da aka gina shi kan awo, komai da lambarsa, don haka na shiga da ƙarfin gwiwa.

Wani dattijo mai hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi a Jazira, ya zaunar da ni a inuwa, aka kawo gahawa. Na tambaye shi mutum nawa ke masa aiki. Ya ce, "Ni da 'ya'yana biyu." Na rubuta 3. Da na raba kantar ɗin audugarsa, wato nauyin da ya samu, da uku, sai lamba ta fito mai kyau, har na yi mata da'ira da jan biro.

Ran Juma'a na leƙa wajen Gwaggo a kambo, irin unguwannin 'yan ƙodago da ke gefen magudanai. Na tarar tana tankaɗe garin kuɓewa. Ina ta ba ta labari da alfahari, sai ta ce in kwatanta mata hawashar. Ina gamawa ta ajiye rariya.

"Ɗan nan, mutum uku? To wa ya tsinci audugar? Aljanu?"

Ta shiga lissafi da yatsu: ita, 'ya'yanta mata biyu, matan maƙwabta, mazan da suka yi noman ciyawa, da yaron da ke kwana yana buɗe ruwa daga Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki. Yatsu suka ƙare ba ta gama ba. Ta miƙo min hannuwanta, gefen farata duk zane, inda busasshen ƙoƙon auduga ke yanka. Ban ce uffan ba.

Ba ƙarya dattijon ya yi min ba. A wurinsa mai aiki shi ne na gida, mutanen kambo kuwa biyansu ake yi gwargwadon nauyin da suka tsinta, su tafi. Ni ne ban iya tambaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma jikan waɗannan mutanen ne, waɗanda wasu suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903, wasu kuma hanyar Makka ta ajiye su a nan, amma da biro a hannuna na share su daga lissafi ban ko lura ba.

Daga ranar, duk lambar da aka nuna min, ƙasan layin nake fara dubawa. Ɗauki Gadarif, inda ake noman dawa da riɗi da tarakta, ruwan sama kawai ake jira. In ka raba da ma'aikata, abin a yaba. In ka raba da fadan, sai jikinka ya yi sanyi. Gona ɗaya, damina ɗaya, labari biyu, kowa ya ɗauki wanda ya dace da jawabinsa.

A matakin ƙasa ma haka. Da Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai a 1999, abin da kowane ma'aikaci ke samarwa a takarda ya yi sama, alhali fartanyar manomi ba ta canza ba. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man, sai lissafin ya juye. Ba wanda ya koma malalaci dare ɗaya. Rijiyar mai muke aunawa muna cewa ƙwazon mutane ne. Ƙara da cewa ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2008 aka yi ta, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021, ga canjin banki daban na kasuwa daban. Mai shayi a bakin titi da makiyayi da mai haƙar zinare da hannu kuwa, sai dai a kintata.

A 1957 wani masani ɗan Amurka, Robert Solow, ya nuna cewa in ka cire gudummawar jari da ta ƙwadago, akwai ragowar bunƙasa da ke saura, ya danganta ta da ci gaban fasaha. A jarrabawa haka na rubuta, na kuma ci. A Jazira na ga ragowar nan da idona: laka da ciyawa da suka cushe magudana, har na ƙarshen layi ya yi kwanaki yana jiran ruwa. Irinsa ɗaya da na maƙwabcinsa, guminsu ɗaya, amma buhunan ba ɗaya ba.

Na koma wajen malaminmu na roƙi a ƙara gurbi a takardar, na 'yan ƙodago da kwanakin da suka yi. Ya amince, ya ce in sake zagaya duk hawashar da na je. Mako biyu abin ya ci min, lambar da na yi wa da'ira kuma ta zube warwas. Da na gaya wa Gwaggo, abin da kawai ta tambaya shi ne ko na sa yaron ruwa.