Taliyar Hokkien a Singafo, da tambayar da ke gaban loma

Duk Musulmin da ya je Singafo yana marmarin soyayyar taliyar nan da ake kira Hokkien mee, ya fara sanin cewa a asalinta da kitsen alade ake soya ta, kuma har ƙashinsa ake sawa a romon. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ne ya ja kunnena tun muna hanya. Ya ce akwai masu yin ta halal, amma sai na ga takardar shaida ta MUIS, majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, manne a gaban rumfa, ko kuma na tabbatar Musulmi ne mai ita.

Wurin da ya kai ni wata ƙatuwar rumfa ce ba bango, fanka na ta kaɗawa, ƙananan shagunan abinci jere reras. Tun shekarun 1970 gwamnati ta riƙa kwashe masu sayar da abinci daga bakin titi tana tara su a irin waɗannan cibiyoyi, yau sun haura ɗari, kuma a 2020 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya. Idan ka ga ƙunshin tishu a kan tebur, kada ka zauna, wani ne ya kama wuri.

Na ga takardar, duk da haka na tambayi matar da ke suyar. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta ce romonta na kan jatan lande ne da ƙashin kaza.

Daga nan na kasa ɗauke ido daga kaskonta. Ta fasa ƙwai a mai mai zafi, ta watsa tafarnuwa, ta zuba taliya iri biyu, rawaya ta alkama da fara ta shinkafa. Sai da suka ɗan kama wuta ta kwarara romo, ta rufe. Nan ne sirrin yake, a ganina. Taliyar shan romon take yi har ta ƙoshi, irin yadda dafa-duka ke shanye ruwanta. Ta buɗe ta ƙara jatan lande da tsiron wake da yankakken sotong, wani naman teku fari mai ɗan danƙo.

Ba busasshiya ba ce, ba kuma miya ba, tana nan tsaka-tsaki, da ƙamshin ƙauri-ƙauri mai daɗi. A gefen faranti akwai yajin sambal da rabin ɗan mitsitsin lemun tsami. Ka matse lemun nan tun kafin lomar farko, shi ke karya ƙarnin teku. Ka kuma ci da zafinta, don in ta huce sai ta cure.

Da muka gama, mu muka kwashe farantanmu da kanmu, doka ce tun 2021. Ma'ajiyar tire ma kashi biyu ce, ta halal daban, kuma wannan kulawar ta kwanta min a rai ƙwarai.

Wanda zai wuce Maleshiya kuma ya sake tambaya daga farko. A Kuala Lumpur wannan sunan na nufin taliya baƙa mai kauri da aka soya da baƙin ruwan waken suya, a Penang kuwa cikin romo ake kawo ta, kuma dukansu biyun da alade aka saba yin su.