Gidan da babu gurbin Auta

Maigida ne ya fara ganin gidan a intanet, da daddare bayan ya dawo daga aiki. Ɗaki uku, gareji, bishiyar lemo a bayan gida, kuɗinsa kuma bai kai na duk gidajen da muka yi wata huɗu muna zagayawa ba. Ya tashe ni daga barci ya miƙo mini waya, ya ce, "Duba mini nan, ko dai idona ne?" Na duba, ba idonsa ba ne. Da gari ya waye ya kira dillaliyar da muke hulɗa da ita. Ta tambaye shi shekarunsa, ya ce 57, ta ce to babu matsala. Bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka irin tambayoyin Amurka ne da ba sa ƙarewa.

Ranar Asabar muka kama hanya mu huɗu: ni da shi, da Inna mahaifiyata, da Auta. Watan Yulin 2023 ne, lokacin da birnin Finiks na jihar Arizona, inda muke zaune, ya jera kwana 31 kullum sai zafin rana ya kai 110 a ma'auninsu, wato digiri 43 da ɗoriya a ma'aunin da muka saba. Ko ƙarfen bel ɗin mota ba ya taɓuwa sai da gefen mayafi. Muka nufi arewa maso yamma har muka shiga Sun City. Titunan wajen a zagaye suke, wani cikin wani, kamar an jera kwanuka. Ko'ina tas, ko'ina tsit. Babu keke a yashe a ƙofar gida, babu ƙwallo. Wani tsoho ya wuce mu a 'yar motar nan ta filin golf, ya ɗaga mana hannu.

Dillaliya tana tsaye a inuwa da makulli. Da ta ga Auta ta fito daga mota sai murmushinta ya ragu. Ta ce, "Jikarku ce ta zo hutu?" Na ce a'a, 'yarmu ce, shekararta 14. Ta yi jim, sannan ta ba mu haƙuri, ta ce ta ɗauka mun san irin unguwar. Dole a samu mai shekara 55 zuwa sama a gidan, wannan mun cika. Amma wanda bai kai 19 ba ba ya zama, sai dai ziyara, ita ma kada ta wuce kwana 90 a shekara.

Inna ba ta jin Turanci, amma tana karanta fuska. Ta taɓo ni, "Me ta ce?" Na fassara mata. Ta dubi Auta daga sama har ƙasa ta ce, "Me yarinyar ta yi musu?" Na ce ba ta yi komai ba Inna, dokar unguwar ce, ba sa zama da yara. Ta juya ta ƙare wa titin kallo, ta ce, "To wa suke aika?"

Ko cikin gidan ba mu shiga ba.

Na dawo da zafin rai, ina cewa wannan ai wariya ce, kuma na san akwai dokar 1968 da ta hana wariya wajen sayarwa ko ba da hayar gida. Haka ne, har ma a 1988 an ƙara mata cewa ba a korar mutum don yana da yara. Sai dai an bar wa unguwannin dattawa ƙofa, wata doka ta 1995 kuma ta fayyace sharaɗin: in dai kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki suna da mai shekara 55 ko fiye, unguwa tana da ikon cewa ba ta karɓar yara. Sun City na cikin na farko-farko. Wani ɗan kwangilar gine-gine, Del Webb, ya buɗe ta ranar 1 ga Janairun 1960, yau mutanenta sun kai wajen 40,000. Arahar da ta tashi Maigida tsaye ma tana da dalili. Masu iya saye kaɗan ne, kuma tun shekarun 1970 aka cire wajen daga gundumar makarantun da ke maƙwabtaka da shi, harajin gida ya yi sauƙi. A ƙasar nan kaso mai tsoka na harajin gida makarantu yake tafiya. In babu ɗalibi, kun ga lissafin.

Kafin mu kai ga neman gida ma mun sha karatu. Shekarunmu na farko komai da tsabar kuɗi muke biya, muna alfahari ba wanda yake bin mu ko sisi. Ranar da muka fara tambayar lamunin gida aka ce mana ba mu da tarihi. Ashe a nan wanda bai taɓa cin bashi ba shi ake tsoro. Akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, aikinsu rubuta yadda kake biyan abin da ake bin ka, daga nan a fitar maka da maki tsakanin 300 da 850. Wanda ba ya cikin littafin kamar bai zo ƙasar ba. Muka fara da wani kati mai ban dariya: ka ajiye wa banki kuɗinka, ya ba ka kati ka ci bashin kuɗin naka, ka biya a kan lokaci, a yaba maka. Haka muka yi ta yi har makin ya tashi.

Da makin ya tashi kuma kasuwa ta juya. A Janairun 2021 kuɗin ruwan lamunin shekara 30 ya sauka har kashi 2.65, lokacin muna ta jan ƙafa. Zuwa Oktoban 2023 ya doshi kashi 8. Maigida dama bai taɓa samun natsuwa da maganar ruwa ba, don haka muka bi ta wajen masu tsarin musharaka: ku sayi gidan tare da kamfani, kana biyan kuɗin zama a kasonsu kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan har ya zama naka. In gaskiya za a faɗa, abin da ke fita daga aljihu duk wata bai bambanta sosai da na banki ba, kuma na ji masu cewa sauya suna kawai aka yi. Ni dai na ga mijina yana barci, na bar maganar a nan. Abin da zan ja kunnen sabon zuwa a kai shi ne kada ya tara kason farko kawai ya ce ya gama. Akwai kafin alƙalami ranar da aka karɓi tayinka, akwai kuɗin mai duba gida, akwai na rufe ciniki da kan kai kashi 2 zuwa 5 na lamunin.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa dillaliya bayan abin da ya faru: kada ta sake nuna mini gida sai na ga dokokin unguwar a rubuce. Yawancin sababbin unguwanni a nan suna da ƙungiyar masu gidaje, ana biyanta kuɗi duk wata, ita ke faɗin kalar fentin da za ka shafa wa gidanka da inda za ka ajiye mota. A gidan hayar da muka zauna an taɓa aiko mana da takardar gargaɗi don na shanya zannuwan gado a kan katanga, a garin da rana ke busar da bargo kafin ka gama wanke na biyu. Na kuma koyi tambayar inda ruwan unguwa yake fitowa, don hamada ce. Wani kaso na ruwan birnin daga kogin Kolorado ake jawo shi ta magudana mai tsawon kilomita 540. A farkon 2023 mun ga mutanen Rio Verde Foothills, wata unguwa a wajen gari, masu manyan gidaje, suna fafutukar neman tankar ruwa bayan birnin da ke kusa da su ya daina sayar musu.

A ƙarshe tsohon gida muka saya a yammacin Finiks, ginin shekarun 1970, babu ƙungiya, fili a baya wadatacce. Mai duba gida ya hau rufi tun ƙarfe shida na safe, ya sauko ya nuna mana hanyar gara siririya a jikin harsashi, ya ce esi, na'urar sanyaya gida, ma ya tsufa. Wanda bai zauna nan ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. A 2023 kaɗai zafi ya yi ajalin mutum 645 a gundumar Marikofa, inda Finiks yake. Mai gidan ya rage mana kuɗi muka sa sabo. Maƙwabcinmu kuma ya ba Maigida kyautar wata tocila mai shuɗin haske, ya ce ya riƙa zagaya katanga da ita da dare. Kunama in hasken ya same ta sai ta yi ta ƙyalli kamar an shafa mata fenti. Daren farko bakwai suka ƙirga shi da Auta.

Filin bayan nan don Inna muka so shi. A 2024 jihar Arizona ta yi dokar da ta tilasta wa biranen da mutanensu suka haura 75,000 barin mutum ya gina ɗan ƙaramin sashe a cikin filinsa, abin da ake kira kasita a nan. Burina in yi mata nata, da ƙofarta da bayinta.

Aikina kula da tsofaffi ne, a irin gidajen da ake taimaka musu da wanka da shan magani, don haka na san abin daga ciki. Hawa-hawa ne. Irin su Sun City na masu ƙarfi a jika ne, gidansu ne, motarsu ce. Sai irin inda nake aiki, sai kuma gidan jinya na wanda ya kwanta. Medicare, inshorar lafiyar da ake shiga a shekara 65, ba ta biyan kuɗin zaman dogon lokaci a waɗannan wurare, shi ya sa za ka ga an sayar da gidan da tsohuwa ta yi shekara arba'in tana biya don a riƙe ta shekara uku ko huɗu. Ita Inna ko wannan inshorar ba ta da ita tukuna. Ba ta yi aikin shekara goma a ƙasar ba, sai ta cika shekara biyar da katin zama kafin a yarda ta saya da kuɗi. Shekaru da yawa ina kallon 'ya'yan da ke zuwa ranar Lahadi da furanni su yi minti arba'in su tafi, ina cewa a raina sun zubar da iyayensu. Ni tawa uwar tana ɗakin da ke kusa da nawa.

Sai da muka tare na fara lura da yinin Inna. Ƙarfe shida da rabi na fita, Maigida ya bi baya, motar makaranta ta ɗauki Auta. Daga nan gida ya rage daga ita sai ƙarar esi. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma mutum zai taho a mota, ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ta haɗiye shi, ta rufe. Ba mai tafiya a ƙasa, tashar bas da nisa, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2008 bai biyo ta wajenmu ba. Masallaci sai Juma'ar da ɗayanmu yake hutu. Wata rana na dawo da wuri na same ta ta ja kujera bakin taga, ta ɗage labule kaɗan. Ta ce mai kawo wasiƙa take jira, yau ya makara. Ba wasiƙa take jira ba, ba mai rubuto mata. Shi ne mutum ɗaya da ke takowa har ƙofarmu a ƙafa.

A watan Janairu wata tsohuwar abokiyar aikina da ta yi ritaya ta gayyace mu gidanta, a Sun City ɗin dai. Lokacin sanyi ne, masu gudun ƙanƙara daga Kanada da jihohin arewa sun cika gari, titunan da na sani shiru sun cika da ƙananan motocin golf. Bayan mun sha shayi ta ce mu zo ta nuna mana cibiyarsu. Ɗaki guda tsofaffin maza suna aikin katako, wani ana ginin tukwane, ga masu iyo a ruwa, kowa furfura fal. Muka leƙa wani ɗaki inda mata wajen goma suka kewaye babban tebur suna harhaɗa ƙyallaye suna ɗinka bargo. Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Wata ta matsa mata kujera, ta zauna. Can na ga ta karɓi allura daga hannun ta kusa da ita, ta warware mata wani ɗinki da ya karkace, ta sake shi. Matar ta riƙe baki, sauran suka kwashe da dariya. Awa biyu muka yi, ba kalma ɗaya da suka haɗa, sai da na ce Inna la'asar tana wucewa.

A mota ba ta ce komai ba har muka hau babban titi. Auta tana baya tana danna waya. Sai Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan ɗakin da kike cewa za ki gina mini a bayan gida, ƙofarsa ta kalli titi." Na ce to, Inna. Muka ƙara tafiya kaɗan. Ta ce, "Su waɗancan matan, kullum suke zama ko sai ranar Asabar?"

Na ce zan tambaya. Talata da Alhamis ne, kuma sai da ɗan unguwa ake shigar da baƙo. Abokiyar tawa ta ce ita za ta riƙa shiga da ita. Na je na roƙi a sauya mini ranar hutu zuwa Alhamis.