Alli da kananzir

Shekarata goma sha bakwai lokacin da mahaifina ya kai ni wani garejin walda a Sabon Gari, nan Damagaram, ya ce wa mai garejin, "Ga amana nan." Maigida ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini tsintsiya. Kusan wata shida ban taɓa kan walda ba. Shara, ɗaukar ƙarfe, kankare tsatsa, sayo shayi. Na yi ta gunaguni a raina, ina cewa ba wannan ya kawo ni ba.

Garejinmu ba na taga da ƙyauren ɗaki ba ne. Aikin nauyi muke yi: bodin manyan motoci, amalanken shanu, da tankunan ruwa. Duk wanda ya san garin nan ya san ruwa tsohuwar matsalarmu ce, don haka mai yin tanki ba ya rasa ciniki. Maigida kuwa, in an taɓa shi, sai ya ce ƙarfe ba baƙo ba ne a Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimun maƙeran garin nan suke ƙera igwa. Yana faɗa kamar da shi aka yi.

Darasin farko ido ne ya ba ni shi. Na tsaya ina kallon hasken walda ba gilashi, wai ina satar sana'a. Da rana lafiya lau. Tsakar dare sai na farka kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye na zuba, ko fitila ba na iya kallo. Kwana biyu ina kwance. Har yau in na ga yaro yana walda da tabarau na kwalliya, raina ɓaci yake yi.

Da aka fara bari in riƙe kan walda, sai na ga ashe lissafi ne. Sandar walda, wadda muke ce wa baget, akwai mai kaurin milimita 2.5, akwai 3.2, akwai 4, kowace da wutarta. Ta 3.2 tana son ƙarfin wuta wajen amfiya 110 zuwa 130. In wuta ta yi kaɗan, sanda ta manne wa ƙarfe. In ta yi yawa, ta huda shi. Kuma zafi yana jan ƙarfe. Ka haɗa kwana daidai, ka zuba walda gefe guda, kafin ya huce ya karkace. Shi ya sa ake fara ɗiɗɗigawa, a sake aunawa, sannan a riƙa yi ana sauya gefe.

A shekara ta uku aka ba ni tankin farko ni kaɗai, falle mai kauri milimita 6. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, ni kuma ina so in gama in nuna kaina. Ƙa'ida ita ce a fere bakin falle biyun da injin niƙa ƙarfe, su yi kamar bakin kwari, a bar 'yar tazara tsakani, don narkakken ƙarfe ya ratsa har ƙasa. Sannan duk layin da ka yi sai ka kakkaɓe ɓawon da ke kansa tas kafin ka ɗora wani. Ni na tsallake feren a gefe guda, na shimfiɗa walda a sama, ta fito sumul, gwanin sha'awa.

Maigida ya zagaya tankin bai ce uffan ba. Ya ce a kawo alli da kananzir. Ya jiƙa allin, ya shafe bayan kowane layi, ya bari ya bushe fari fat. Sannan ya sa ni na shiga ciki ina shafa kananzir a kan layukan. Kananzir ya fi ruwa iya bin kafa, ko wadda ido ba ya gani. Kafin mu idar da sallar La'asar, tabo uku sun fito a jikin allin, duk a gefen da ban fere ba.

"Zo nan, ɗana," in ji shi. "Wannan walda ce ko kwalliyar amarya?"

"Na yi kuskure, Maigida."

"Ba kuskure ba ne, gaggawa ce. Yau ruwa ne zai zuba. Gobe in sasin tirela ne ɗauke da albasa a hanyar Agadas fa?"

Kwana biyu na yi ina niƙe waldar da na yi alfahari da ita, faifan injin niƙa huɗu suka ƙare, kuma daga ɗan abin da yake ba ni ranar Alhamis aka cire kuɗinsu. A lokacin na ga kamar zalunci ne. Da na buɗe nawa wurin na fara sayen faifai da kuɗina, na daina ganin haka.

Abu ɗaya ne Maigida ba ya yafewa: tankin da aka taɓa zuba fetur. Ko mai shi ya rantse ya bushe tun bara, tururin yana nan, tartsatsi ɗaya ya isa. Sai an wanke, an cika shi da ruwa har kusa da wurin gyara. Ya taɓa korar wani babban yaronsa a kan wannan, manya suka zo biko, ya ƙi.

Yanzu yara uku ne a hannuna. Ƙaraminsu ya shiga wata na huɗu da tsintsiya, kuma jiya na ji shi yana gunaguni a bayan tanki.