Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Watan da aka ɗauke sabis a Gusau

A makon jiya na tsaya ne a inda na buɗe shagon ɗinki a Tudun Wada. Ban jima da buɗewa ba aka shiga Satumbar 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin Zamfara saboda farautar 'yan bindiga. Matawalle ne gwamna lokacin. Aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, masu POS suka naɗe lemarsu.

Wahala kam an sha ta, har gobe ba na yabon matakin nan. Mai ɗan'uwa a asibiti sai ya yi tattaki kafin ya ji halin da yake ciki.

Hannuna ne ya ba ni mamaki. Ina tsaka da taka keke sai in ga ya kai kan waya da kansa, ya buɗe Facebook, abu na ta juyawa ba komai. Inna da ke zuwa taya ni hira ta ce, "Ke 'yannan, mi kika biɗa cikin wagga waya? Ba an ce an ɗauke ba?" Sai ga ɗinkin da ya yi mini tsibi yana ƙarewa kafin ranar alkawari. Tela da cika alkawari, ai kun san labarin.

Ranar 1 ga Oktoba sabis ya dawo cikin Gusau, sauran ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba. Saƙonni suka yi ta zubowa, na zauna na bi su kaf. Rigimar siyasa ce, da hotunan gawarwakin da ba a san na wane gari ba ne, da "tura wa mutum goma". Na masu kawo ɗinki ba su taka kara sun karya ba.

Daren nan na goge TikTok, na fice daga yawancin guruf-guruf na WhatsApp. Babbar waya ta koma durowa, ba ta fitowa sai bayan La'asar, in ɗora hotunan ɗinki a status in amsa masu tambayar farashi. Mai gaggawa ya kira 'yar Nokia mai tocila.

Ashe cikin guruf ɗin da na bari har da na danginmu. Washegari da sassafe sai ga Yaya Babba a ƙofar shago, ko sallamar kirki babu. Yadda muka kwashe da ita, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.